Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsara Maƙasudan Koyo a Darasin Haɗaka na Firamare

Malaman firamare da dama sun halarci bita inda aka ce musu su riƙa haɗa darussa a ƙarƙashin jigo guda, aka raba musu takardu, aka sallame su, sannan da suka koma aji suka tarar cewa wahalar tana wajen rubuta abin da ake son yaro ya iya a kowane darasi. An tattaro tambayoyin da ke ƙasa daga irin waɗanda malamai da shugabannin makarantu suke yawan yi. Domin kada magana ta tsaya a sama, an ɗauki misali guda an bi shi daga farko har ƙarshe: jigon "Ruwa a garinmu", na makonni uku, ga 'yan aji huɗu a makarantar firamare ta gwamnati a jihar Kano.

Mene ne darasin haɗaka, kuma da me ya bambanta da koyarwar da aka saba?

A koyarwar da aka saba, kowane darasi yana tafiya a kan hanyarsa: a yi Lissafi da safe a kan awo, a buga ƙararrawa, a shiga Kimiyya a kan sassan tsiro, a sake bugawa, a shiga Hausa a kan karin magana, ba tare da ɗayansu ya san inda ɗan'uwansa ya kwana ba. A darasin haɗaka kuwa, malami yana zaɓar jigo guda da yara suka sani a rayuwarsu, kamar ruwa ko kasuwa ko noman gero, ya ɗauki makonni biyu zuwa huɗu yana koyar da darussa da yawa ta cikinsa. Awon da za a yi a Lissafi sai ya zama awon jarka da bokiti, karatun Hausa ya zama labarin rijiya, Kimiyya ta zama binciken inda ruwan da aka shanya a rana yake tafiya. Darussan suna nan da sunayensu da maƙasudansu, abin da ya sauya shi ne yanzu suna taimakon juna.

Shin manhajar Najeriya ta ba da damar yin haka?

Ta bayar, har ma ita kanta ta yi irinsa. Hukumar NERDC, wadda ke da alhakin tsara manhajar makarantu, ta sake fasalin manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekaru tara a 2012, aka fara aiki da ita a 2014, kuma babban abin da aka yi a lokacin shi ne rage yawan darussa ta hanyar cure wasu a wuri guda. An haɗa Kimiyya da Fasaha da Motsa Jiki da Lafiya da Ilimin Kwamfuta a ƙarƙashin suna ɗaya, an kuma haɗa Noma da Tattalin Gida a matsayin share fagen sana'a. Sai dai haɗa sunaye a takarda bai sa darussan sun haɗu a cikin aji ba, domin a makarantu da yawa an ci gaba da koyar da kowane ɓangare shi kaɗai kamar dā. Manhajar ana sake duba ta lokaci zuwa lokaci, saboda haka wajibi ne malami ya riƙe kwafin da ake aiki da shi a jiharsa, tare da tsarin aikin zango da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta rarraba, ya ɗauko maƙasudansa daga ciki.

Da me ake farawa, da jigo ko da maƙasudi?

Da maƙasudi ake farawa, kuma a nan ne mafi yawan darussan haɗaka suke lalacewa. Malami ya ji jigon ruwa ya burge shi, sai ya hau tara ayyuka: a zana rijiya, a rera waƙar ruwan sama, a je a kalli famfon tuƙa-tuƙa, a yi wasan kwaikwayo na ɗan garuwa. Makonni uku su wuce cikin raha, yara sun ji daɗi, amma idan aka tambaye shi abin da yaro ya iya yau wanda bai iya ba kafin a fara, sai ya rasa amsa. An yi tuya an manta da albasa.

Hanyar da ta fi tsira ita ce malami ya buɗe tsarin aikin zango, ya fitar da abubuwan da aka wajabta masa koyarwa a waɗannan makonni a kowane darasi, ya shimfiɗa su a gabansa, sannan ya duba wane jigo ne zai iya ɗaukar mafi yawansu ba tare da an tilasta ba. Idan a Lissafi akwai awon abu mai ruwa da lita, a Kimiyya akwai ruwa da amfaninsa, a Lafiya akwai cututtukan da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa, a Hausa akwai auna fahimta da rubutun siffantawa, to jigon ruwa ya kawo kansa. Akwai gwaji mai sauƙi da malami zai yi wa kowane maƙasudi: ya cire kalmar "ruwa" daga cikinsa ya gani. Idan abin da ya rage har yanzu ƙwarewa ce da ke cikin manhaja, kamar ninka lamba biyu da lamba biyu ko fitar da babban saƙon sakin layi, to maƙasudin ya tsaya da ƙafarsa. Idan kuwa babu abin da ya rage, to aiki ne kawai aka rubuta aka ba shi sunan maƙasudi.

Yaya ake rubuta maƙasudi mai kyau?

Maƙasudi mai kyau yana faɗin abin da ɗalibi zai yi, wanda malami zai iya gani da ido ko ya ji da kunne, a wane yanayi, kuma zuwa wane mataki. Jumlar da ta ce "ɗalibai su san muhimmancin ruwa" ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba, domin babu hanyar leƙa zuciyar yaro a ga ko ya sani. Amma idan aka ce "a ƙarshen darasin, ɗalibi zai iya ambata hanyoyi uku da ruwan rijiya ke gurɓata, ya kuma faɗi yadda ake kare kowace ɗaya", to ko wani malami ne ya shigo ajin zai iya auna shi.

Wannan shi ne abin da ake koyarwa a kwalejojin ilimi a ƙarƙashin rabe-raben da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka wallafa a 1956, waɗanda aka sabunta a 2001 zuwa matakai shida: tunawa, fahimta, aiwatarwa, ƙwanƙwancewa, yanke hukunci, da ƙirƙira. Amfaninsu ga malamin firamare shi ne su tuna masa cewa kada duk maƙasudansa su taru a matakin farko. Aikatau irin su "ambata" da "lissafo" suna da wurinsu, amma ɗan aji huɗu yana iya kwatantawa, yana iya aunawa, yana iya hasashe kafin gwaji, yana iya kawo dalili. Ribar darasin haɗaka tana fitowa ne a waɗannan matakai na sama, tunda jigo guda yana ba yaro isasshen lokaci da isasshen sani da zai iya yin tunani a kansu.

To, a jigon ruwa, mene ne maƙasudin kowane darasi?

A Kimiyya, ana son ɗalibi ya iya bayyana yadda ruwa ke zama tururi ya tashi sama ya dawo, bayan ya yi gwaji da hannunsa. Gwajin ba ya buƙatar komai sai faranti biyu masu girma ɗaya: a zuba ruwa daidai wa daida, a ajiye ɗaya a rana ɗaya a inuwar darbejiya, yara su faɗi hasashensu a rubuta a allo, sannan a dawo bayan tara a duba. Maƙasudi na biyu shi ne ya iya bambance ruwan da ya yi garau da ruwan da ya dace a sha. Yara suna tace ruwan kududdufi da yashi da gawayi da tsakuwa a cikin gorar roba da aka yanke, su ga ya fito fes, sai malami ya tambaye su wanda zai sha. A nan ne ake koya musu cewa ƙwayoyin cuta ba sa ganuwa da ido, kuma tacewa ba ta ɗauke wa tafasawa aikinta. Tambayar da ta fi tayar da muhawara a aji ita ce me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, amsarta kuma tana cikin gwajin farantin nan: randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi.

A Lissafi, ana son ya iya awo da lita, ya ninka, ya raba har da saura. Idan kurar ɗan garuwa ta ɗauki jarka 12, kowace lita 25, lita nawa ke nan? Amsa 300. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ambaton lita 20 a rana ga kowane mutum a matsayin ƙaramin abin da zai ishe shi sha da girki da tsafta ta yau da kullum. Gida mai mutum 8 zai buƙaci lita 160 a rana, wato lita 1,120 a mako. Jarka nawa za a saya a rana? Yaron da ya raba 160 da 25 zai sami 6 da saura 10, sannan sai ya yi tunani ya gane cewa jarka 6 ba za su isa ba, dole a sayi ta bakwai. Wannan tunani na ƙarshe shi ne ainihin abin da ake nema, kuma yaron da ake aika sayen ruwa kullum yakan riga ɗan'uwansa gano shi ko da kuwa ɗan'uwan ya fi shi haddar jadawalin ninkawa.

A Hausa, ana son ya karanta gajeren labari ya fitar da jerin abubuwan da suka faru a cikinsa bi da bi, ya kuma rubuta sakin layi guda na siffantawa da daidaitattun ƙa'idojin rubutu. Labarin rijiyar Kusugu ta Daura ya dace da wannan sosai: macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, zuwan Bayajidda da dare, kashe macijin, da auren sarauniya Daurama. Malami na iya ƙara karin magana biyu ko uku, kamar "ruwa ba ya tsami banza" da "da ruwan ciki akan ja na rijiya", amma maƙasudin ya kasance yaro ya yi amfani da karin maganar a jumlarsa ta kansa, domin haddacewa kawai ba ta nuna ya gane.

A Turanci, ana son ya mallaki kalmomi kamar goma zuwa goma sha biyar da suka shafi jigon, ya kuma rubuta umarni mataki-mataki na yadda ake wanke hannu ko tafasa ruwa, da jumloli gajeru na ba da umarni.

A Nazarin Zamantakewa, ana son ya zana taswirar unguwarsu ya nuna wuraren samun ruwa da alamomi, ya kuma bayyana alhakin da ke kan gwamnati da wanda ke kan jama'ar unguwa wajen kula da su. Yaran Kano ya kamata su ji labarin madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, su san cewa ruwan famfo yana bi ta matatun ruwa irin na Challawa da Tamburawa kafin ya iso gida. A Lafiya kuwa, ana son ya danganta amai da gudawa da tsargiya da irin ruwan da ke kawo su, ya kuma nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Labarin kurkunu yana da amfani a nan, domin cuta ce da kakannin yaran suka sani da idonsu, an kuma yaƙe ta da tace ruwa da rariyar ƙyalle da haƙa rijiyoyin burtsatse, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Najeriya ta rabu da ita.

Dole ne kowane darasi ya shiga cikin jigon?

Ba dole ba ne. Idan a wannan mako manhajar Lissafi tana kan siffofi masu kusurwa, babu dalilin da zai sa malami ya wahalar da kansa yana neman kusurwa a bakin rijiya. Ya koyar da darasin shi kaɗai a lokacinsa, ya bar jigon ga darussan da suka karɓe shi. Darussa huɗu da suka haɗu da gaske sun fi takwas da aka ɗaure da igiya.

Me ya sa ake cewa Lissafi ne ya fi cutuwa a irin wannan tsari?

Saboda Lissafi gini ne da ake ɗora bulo a kan bulo, kuma jigo ba ya la'akari da wannan jeri. Yaron da bai ƙware a ninkawa ba, ba zai amfana da lissafin jarka ba komai kyan labarin. Haɗari na biyu shi ne a saukar da matakin darasin ba tare da an lura ba: a sa 'yan aji huɗu su ƙirga bokitai goma a tsakar makaranta, a rubuta a littafin shiri cewa an yi Lissafi, alhali aikin 'yan aji ɗaya aka ba su. Na taɓa zama a bayan wani aji ina kallon darasi irin wannan. Malamar ta kawo jarka da moɗa da bokiti, yara sun yi layi suna zuba ruwa cikin murna har rigunansu suka jiƙe, amma minti talatin da biyar suka ƙare ba a rubuta lamba ko ɗaya a littafi ba, ba a kuma ambaci kalmar lita ba. Da a ce ta sa kowane rukuni ya yi hasashen moɗa nawa za su cika bokitin, su rubuta, su auna, su fitar da bambancin hasashe da awo, da wannan jiƙewar ta biya kuɗin sabulu. Shawarar da ta fi dacewa ita ce a bar wa Lissafi da koyon karatu lokacinsu na kullum yadda aka saba, a riƙa kawo jigon a matsayin fagen da za a yi amfani da abin da aka koya.

Maƙasudai nawa suka isa ga makonni uku?

Biyu ko uku ga kowane darasi, amma kada su wuce goma sha biyu gaba ɗaya, kuma ya kamata su shiga shafi guda. Idan sun fi haka, malami ba zai iya auna su duka ba, abin da ba a auna ba kuwa yakan zama ba a koyar ba.

Akwai maƙasudan da ba na wani darasi guda ba ne?

Akwai, kuma su ne dalilin da ya sa ake haɗakar tun farko. Iya yin tambaya mai ma'ana, iya tattara bayani a jera shi a jadawali, iya aiki cikin rukuni ba tare da ɗaya ya danne saura ba, iya tsayawa gaban aji a yi bayani da hujja: waɗannan ba mallakin Kimiyya ko Hausa ba ne. A jigon ruwa, aiki guda yana iya ɗaukarsu duka. A ba kowane yaro aikin gida ya tambayi mahaifiyarsa ko wadda ke riƙonsa jarka ko bokiti nawa gidan ke amfani da shi a rana, daga ina ake samo shi, kuma wa ke ɗebowa. Washegari a tattara amsoshin a allo, a yi jadawali, a zana ginshiƙai, a rubuta jumla uku kan abin da aka gano. Sau da yawa yara da kansu suke lura cewa a gidajen da ba a sayen ruwa, su yaran ne ke ɗebowa da sassafe, kuma shi ya sa wasunsu ke makara. Malami ya zaɓi irin waɗannan maƙasudai guda biyu kacal a kowane jigo, ya rubuta su da irin tsantsenin da ya rubuta na Lissafi. "Ɗalibai su zama masu haɗin kai" fata ne nagari, amma "kowane ɗan rukuni zai faɗi kashi ɗaya na rahoton rukuninsu" shi ne abin da za a iya dubawa.

Ina matsayin darasin addini a ciki?

Jigon ruwa yana daga cikin waɗanda suka fi karɓar darasin addini ba tare da tilas ba. A Ilimin Addinin Musulunci, babin tsarki yana farawa ne da rabe-raben ruwa, kuma yaran da ke zuwa Islamiyya ko makarantar allo sun riga sun ji cewa ana duba launi da ɗanɗano da ƙamshi kafin a yi alwala da ruwa. Maƙasudin shi ne ɗalibi ya bambance ruwan da ya halatta a yi tsarki da shi, ya nuna alwala a aikace, ya faɗi lokacin da ake yin taimama. Ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa, yana wanka da sa'i, wato mudu huɗu, kuma yara suna mamaki idan suka auna ruwan da su suke zubarwa a alwala guda suka kwatanta. Ga ɗalibai Kirista, labarin Yesu da matar Basamariya a bakin rijiya, a babi na huɗu na Bisharar Yohanna, yana ba da irin wannan dama. Abu guda malami zai kiyaye: ya fayyace wa yara cewa hukuncin tsarkin ruwa a fiƙihu da amincinsa ga lafiya tambayoyi biyu ne, kowace da ma'auninta, domin ruwa na iya halatta ga alwala alhali sai an tafasa shi kafin a sha.

Da wane harshe za a rubuta maƙasudan, da wanne kuma za a koyar?

Manufar ilimi ta ƙasa, tun daga ta 1977, ta daɗe tana tanadin a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa kafin a koma Turanci, bugun 2004 kuma ya fayyace cewa shekaru uku na farko ne. Matsayin hukuma a kan wannan ya sha sauyawa a baya-bayan nan, don haka malami ya bi umarnin da ke aiki a makarantarsa wajen rubuta littafin shiri. A cikin aji kuwa, aji huɗu shi ne mahaɗar harsunan biyu, kuma darasin haɗaka yana sauƙaƙa ƙetarewa. Yaron da ya fahimci tashin tururi da Hausa ranar Litinin, idan ya haɗu da kalmar Turancin ranar Talata, suna kawai yake ɗorawa a kan abin da ya riga ya sani. Abin da ya kamata a guje masa shi ne a rubuta maƙasudin Kimiyya, sannan a auna shi da doguwar tambaya ta Turanci da yaron bai iya karantawa ba, a ce ya faɗi Kimiyya, alhali Turanci ne ya kayar da shi.

Yaya ake auna ko an cim ma maƙasudan?

Tun ranar da aka rubuta maƙasudi ake rubuta ma'auninsa a gefensa, kafin a tsara ko da aiki guda. Wasu ana auna su da gajeren gwaji a rubuce, kamar lissafin jarka. Wasu sai da kallo, kamar haɗa ruwan gishiri da sukari ko nuna alwala, kuma a nan malami yana buƙatar takarda mai sunayen yara da gurabe uku: ya iya, ya kusa, bai iya ba tukuna. A ƙarshen makonni ukun ana iya yin babban aiki guda, misali kowane rukuni ya gabatar da rahoton "Ruwan unguwarmu" mai ɗauke da taswira da jadawali da sakin layi da shawara ɗaya ga mai unguwa. Sai dai a ba da maki darasi-darasi: taswira ta tafi Nazarin Zamantakewa, jadawali ya tafi Lissafi, rubutu ya tafi Hausa. Idan aka ba da maki guda a dunƙule, yaro mai kyan zane zai ɓoye rauninsa na Lissafi a bayan taswirarsa, takardar sakamako ta ƙarshen zango kuma har yanzu darasi-darasi take tambaya. Haka nan aikin rukuni ba ya wadatarwa shi kaɗai, dole kowane yaro ya sami abin da ya yi da hannunsa, in ba haka ba mutum biyu za su yi aikin, takwas su sa suna.

Ajina yana da yara sama da ɗari, babu kayan aiki. Wannan tsari zai yiwu kuwa?

Zai yiwu, amma sai an rage buri. Kayan aikin jigon ruwa ba sa cin kuɗi: gorar ruwa ta roba mai rubutun awo a jikinta, ledar fiya wata wadda yawanci rabin lita ce, jarka, yashi, gawayi, da 'ya'yan zogale da ake dakawa a zuba a ruwa mai laka ya kwanta. Matsalar gaske ita ce yawan yara. Malami ya raba su rukuni-rukuni na dindindin tun makon farko, kowane rukuni da shugaba da marubuci, ya yi gwajin sau ɗaya a gaba ko a fili kowa na gani, sannan rukunai su karɓa bi da bi a ranaku daban-daban. Wajen aunawa da kallo, kada ya ce zai duba yara ɗari a rana guda: goma sha biyar a kullum sun isa, cikin makonni biyu ya zagaye ajin har da ragowar lokaci ga waɗanda suka yi fashi. Idan ya zama dole a zaɓa, a rage yawan ayyuka a bar maƙasudan karatu da Lissafi yadda suke.

Me za a gaya wa hedimasta da jami'in sa ido idan suka ga an kauce wa jadawali?

Kada a bari su gani bayan an fara, a kai musu tun kafin a fara. Shafin nan guda mai ɗauke da maƙasudai, kowanne da makon da ya fito a tsarin aikin zango, shi ne hujjar malami. Jami'in da ya zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma abin da yake dubawa shi ne ko an rufe abin da aka tsara, kuma idan ya ga kowane maƙasudi da asalinsa a manhaja, da wuya ya yi gardama. Ba sai an rushe jadawali ba ma: darussa na iya zama a lokutansu, jigon yana ratsa su. Inda malamai daban-daban ke koyar da aji guda, zaman rabin sa'a a ofis kafin jigon ya fara yana da muhimmanci, domin a san wa zai riga wa. Malamin Lissafi ya koyar da lita kafin malamar Lafiya ta zo haɗa ruwan gishiri da sukari.

Wannan tsari sabon abu ne da aka ƙirƙiro kwanan nan?

Ya haura shekara ɗari. John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Chicago ta Amurka a 1896, inda yara ke koyon awo da kimiyya ta hanyar girki da saƙa da aikin katako. A zamaninmu, manhajar ƙasar Finland da ta fara aiki a 2016 ta wajabta wa makarantu su shirya wa kowane ɗalibi aƙalla jigo guda na haɗaka a shekara, tare da barin darussa a matsayinsu, saɓanin jita-jitar da ta yaɗu cewa ƙasar ta soke darussa baki ɗaya.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa da jigon ruwa?

Lokuta biyu ne suka fi. Na farko shi ne watan Maris, cikin zango na biyu, lokacin da bazara ta kama, rijiyoyi suka ja baya, layin famfo ya yi tsawo, kuma farantin da aka ajiye a rana yana bushewa kafin a tashi. Ranar Ruwa ta Duniya, 22 ga Maris, tana faɗawa cikin wannan lokaci, ana iya sa gabatar da rahoton rukunai a ranar, a gayyaci iyaye da mai unguwa. Na biyu shi ne Yuni zuwa farkon Yuli, cikin zango na uku, lokacin da damina ta sauka: a nan ana iya kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a tsakar makaranta, a riƙa auna ruwan sama da rula kowace safiya ana rubutawa, maganar kwata da kududdufi da sauro kuma tana bakin ƙofar aji. Maƙasudan Lissafi da na harshe ba za su sauya sosai tsakanin lokutan biyu ba. Na Kimiyya da na Lafiya ne za a ɗan juya, a bazara a karkata ga ƙarancin ruwa da adana shi, a damina a karkata ga gurɓata da cututtukan da ke biyo bayan ambaliya.